Ranar da Hayatu Ya Ɗauki Bashin Baba

Salamu alaikum masu bin labarina. Wadda ta rubuto tana cewa na cika yabon Hayatu kamar shi kaɗai ne namiji a ƙasar Zamfara, na ji, kuma ban fasa ba. Ki gyara zama ki ji abin da ya yi, sannan ki yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Tabawa, 'yar Gummi, ɗiyar fari a wurin Malam Isa mai injin niƙa. Abin da nake ba ku ya faru ne tun can baya, shekarar da aka canza kuɗi. Ina koyar da 'yan aji biyu a firamare, an sa ranar aurena da Hayatu, wani tela a Bukkuyum, sai bayan kaka. Ana cikin haka Baba ya kwanta ciwo, kafin mu farga Allah ya karɓi abinsa.

Mata ba sa zuwa sallar gawa, don haka daga baya na ji yadda aka yi. An ajiye makara a ƙofar gida, liman ya juya ya yi tambayar da aka saba: akwai bashi a kan mamaci? Wa ya ɗauke masa? To, duk Gummi an san injin Baba bashi ne, daga wani kamfani a Gusau ya karɓo shi yana biya wata-wata. Baffa Labbo, ƙanin Baba, shi ya kamata ya amsa. An ce sai ya duƙa yana gyaran takalmi. Shiru ya yi tsawo har mutane suka fara kallon juna, ga rana, ga gawa tana jira. Sai aka ji murya daga sahun baya:

"Na ɗauka. Bashin Baba yana wuyana."

Hayatu ne. Wallahi ko yawan kuɗin bai sani ba.

A wurinmu wannan magana sau da yawa ta sauƙaƙa wa mamaci ce, a samu a yi masa sallah a kai shi makwancinsa, daga baya dangi su zauna su san yadda za su yi. Ba wanda ya zaci za a riƙe ta. Ni da na ji, ɗaki na shiga na yi kuka mai daɗi, na ce Allah na gode maka da ka ba ni mai rufa wa ubana asiri. Ban san cewa maganar ta riga ta hau mota ta tafi Gusau ba.

Bayan sadakar bakwai suka zo. Ba ma mutanen kamfanin ba ne. Ashe akwai wani ofishi da ba shi da aiki sai karɓo wa mutane bashi a ba shi la'ada, shi aka miƙa wa namu. Babbansu wani Muntari, ɗan gajere, kullum cikin safari ruwan toka da baƙin tabarau, da jaka a hammata kamar mai zuwa ɗaurin aure. Suka ajiye farar a-kori-kura a ƙofar gidanmu, suka zauna a kan dakalin da Baba yake zama. Injin kuwa tun Baba na da rai ya tsaya, an rasa kayan gyaransa har Sakkwato, yana nan a rumfa gizo-gizo ya yi masa rawani.

Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai sun zo. Kuma duk zuwa sai kuɗin ya ƙaru, wai kuɗin mai da na abincinsu a kanmu yake. Zuwa na uku suka taho da maroƙi. Jama'a, maroƙi! Ya tsaya a ƙofar gidan da ake zaman makoki yana kirari da ƙarfi:

"Ina Marka matar Isa? A ci bashi a sha miya, a bar masu kuɗɗi da hamma!"

Marka sunan Inna ne. Ni tunda nake ban taɓa jin namiji ya ɗaga murya da sunan nan ba, Baba ma "ke" yake ce mata. Tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma da tsohon zanen saƙi, ba kwalli ba ɗan kunne, carbi a hannu. Da ta ji, carbin ya tsaya, sai kuma ya ci gaba. Innarmu mace ce mai kunya irin ta da. Ni da nake ɗiyar fari ba ta taɓa kama sunana ba, "wagga yarinya" take cewa, ko ta yi gyaran murya in gane da ni take. Hayatu kuwa in ya zo gaisuwa, daga bayan ƙyaure take amsa masa da "lahiya lau", shi ke nan hirar suruka ta ƙare.

Har makaranta Muntari ya bi ni. Ina tsakiyar koyar da ƙidaya ya leƙo ta taga yana cewa malama ta iya lissafi amma gidansu ba a iya biya ba. Yara suka kwashe da dariya, ba su san me suke yi wa dariya ba. Na gama darasin, amma allon ban ƙara ganinsa sosai ba.

Wata rana kuma ya wuce zaure ya shigo har tsakar gida, ba sallama. Ya tsaya yana ƙare wa jeren Inna kallo ta ƙofar ɗaki, tasoshi da kwanonin da take gogewa da toka tun tana amarya.

"Waɗanga ba su kai ba," ya ce. "Amma an gaya muna akwai saniya."

Akwai kuwa. Jar saniya ce da mahaifin Inna ya ba ta, tana rugar Manu, mai yi mana kiwo, a bakin gulbi, ga ta da maraƙi. Tun rasuwar Baba nononta da man da matar Manu take kawowa su ne rabin abincin ƙannena. Albashina kuwa a shekarun nan sai ya ga dama yake zuwa.

Da la'asar Baffa Labbo ya zo, ya zauna a bakin ƙofar Inna yana karkaɗa hula.

"Marka, ki bada saniyar ga a huta. An maishe mu abin kallo a gari. Jiya a masallaci ko hannu wani bai ba ni ba."

Na ce, "Baffa, saniyar ai ba ta Baba ba ce."

"Ke, da uwarki nike magana. Abin mata ai na miji na. Kuma ki tuna, in ba a ba su ba, yaron nan za su bi, tunda shi yab buɗe baki gaban jama'a. Kina son aurenki ko ba ki so?"

A raina na ce da ka buɗe naka bakin ai da bai buɗe ba. Amma Baffa ne, sai na bar ta a raina. Inna kuwa ta ci gaba da jan carbinta, ya gaji ya tashi.

Ku 'yan yanzu da saƙo ke shigo muku cikin aljihu ba za ku gane ba, mu kaset muke yi. Hayatu zai ɗauki muryarsa a shago, ya naɗe kaset ɗin cikin ƙyallen atamfa, ya ba Malami direba mai jigilar Bukkuyum zuwa Gummi. Ni kuma in shiga ɗaki da rediyon Baba in saurara, in juya ɗaya gefen in mayar masa da amsa. In batir ya yi sanyi sai muryarsa ta yi kauri tana jan ƙafa kamar ta tsoho, in yi ta dariya ni kaɗai.

Na wannan makon ya fara da wasa kamar kullum, ana jin ƙarar kekensa a baya.

"Malama, ina gajiya? Na gama rigarki ta shuɗin leshi, amma na rage wuyan, don na ga kin rame. Ki ci abinci, ban son a ce tela ya auri tsinke."

Sai ƙarar keken ta tsaya.

"Tabawa, na ji abin da Baffa yac ce. Ki saurare ni da kyau. Ni nac ce na ɗauka, ba wanda ya matsa min. In saniyar Inna ta hita gidan nan saboda a ɗebe min nauyi, ban iya sake duban idonta, kuma ban iya zama surukinta. Na rantse. Kada ki bari."

Na mayar da kaset baya na sake ji, ko zan sami wata kafa a cikin maganar. Babu. Na san Hayatu, in ya ce na rantse, to an gama. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, na kuma ji sonsa ya ƙaru, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ranar Asabar na ce wa Inna zan je Anka gaida Malam Shehu. Aminin Baba ne tun suna yara, ya yi shekaru yana aikin muhuti a kotun alƙali kafin ya ajiye. Na sa atamfata mai ganyen kuka, na yafa farin gyale, na shiga motar Malami, da yake ranar Asabar har Anka yake kaiwa. Na tarar da Malam Shehu a zaure yana cin goro da ƙyar saboda haƙora. Ya yi min ta'aziyya, ya yi hawaye, sannan na kwashe komai na gaya masa. Da na zo kan maroƙi sai ya ajiye goron.

"Sun nuna muku takardar alƙali?"

"A'a."

"Sun nuna muku shaidar kamfanin ya wakilta su? Ko takardar da Isa ya sa wa hannu, da abin da ya riga ya biya?"

"Ba mu tambaya ba, Baba."

"Ai shi ke nan. Ɗiyata, mai bin bashi yana da haƙƙi, kada ki raina shi, kuɗɗinsa na. Amma haƙƙinsa shi tambaya, in an hana shi ya kai ƙara. Ba shi da ikon ɗaukar ko tsintsiya sai alƙali ya yanke, kuma ɗan sandan kotu ka zuwa ɗauka, ba shi ba. Ba shi da ikon shiga gidan matan aure. Kuɗɗin mai da sunka ɗora, nasu na, su sha. Maroƙi da zuwa makaranta kuwa cin mutunci na, ke ma kina iya kai su ƙara a kai."

Na ji kamar an sauke min tulu daga ka. Na ce, "To saniyar Inna fa?"

"Bashin mamaci daga abin da ya bari aka biyansa. Dukiyar mace tata ce, aure bai maishe ta ta miji ba. Labbo ya san haka sarai, kunyar masallaci ta dame shi. Ke ma albashinki ba ya ciki. A sai da injin da abin da Isa ya mallaka, a biya."

"In bai isa ba?"



"In da ba wanda ya yi magana a gaban makara, da sai mai kuɗɗi ya yi haƙuri ko wani ya biya don Allah. Amma yaron nan ya tsaya lamuni gaban shaidu. Ko bai san adadi ba, ta zauna. Abin da ya saura, shi za a bi."

Kun ji inda gizo ke saƙar. Na je neman haƙƙinmu na same shi cikakke, amma duk abin da na kare a gidanmu kan Hayatu zai faɗa. Shi kuwa me ya mallaka? Keken ɗinki ɗaya da ya yi shekaru yana tara kuɗinsa, wanda da shi za a yi sadaki da lefe, da shi za mu ci. In na ba da saniya, ya rantse ya bar ni. In na hana, keke ya tafi, aure ya koma sai wata shekarar da ba wanda ya san ta. A motar dawowa har muka wuce mararrabar Bukkuyum ban ɗaga kai ba, don kada in ce wa Malami ya tsaya.

Ranar kasuwa suka zo da igiya a bayan mota. Maroƙi ya fara gyara murya ke nan na fito zaure da mayafina. Mutanen unguwa sun taru kamar kullum, Baffa yana gefe.

Na ce, "Malam Muntari, ina kwana. Don Allah ina son ganin takardar alƙali."

Ya cire tabarau. "Ta mi?"

"Ta ɗaukar saniya. Da shaidar an wakilta ku, da lissafin abin da Babana ya biya da hannunsa. In babu, ga inji can a rumfa, shi Baba ya bari, alƙali ya sa a yi masa kuɗi. Saniya ta Inna ce, ba ta cikin gado. Kuma daga yau wanda ya sake wuce zauren nan, ko ya kama sunan uwata a titi, ko ya je min makaranta, ni zan riga ku zuwa kotu."

Baffa ya ce, "Ke Tabawa, ba ki da kunya?"

Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce, "Labbo, bar ta. Gaskiya ta hwaɗi."

Maroƙin nan, da yake shi ɗan gari ne kuma ya san inda iska ke kaɗawa, sai ya saɓa gangarsa ya sulale. Muntari ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da tabarau, ya yi wani murmushi da har yau ban manta ba.

"Malama an sha karatu. To madalla, mu ma mun san kotu. Kuma mun san tela. Bukkuyum ba ta da nisa."

Suka tafi, igiyarsu tana lilo a bayan mota. Mata suka yi ta shigowa suna cewa Tabawa kin fitar da mu kunya. Ni kuwa ko ruwa na kasa sha.

Ba su sake zuwa ƙofarmu ba. Ta hanya suka bi wannan karon, suka kai ƙara, aka yi wa inji kuɗi, bai kai rabin abin da ya rage ba. Aka ba Hayatu wa'adi zuwa ƙarshen wata. Kaset ɗinsa na gaba gajere ne, kuma ba ƙarar keke a bayansa.

"Malama, kin yi daidai, ina alfahari da ke. Wani ɗan Zugu ya taya keken, mun kusa shiryawa. Su Baffana sun ce a ɗaga biki har in sake tsayawa da ƙahwahuna. Ban san yaushe ba. In kin ga jiran ya yi miki yawa, ban riƙe ki ba."

Da hantsi ne, ƙannena suna makarantar allo, na ɗauka Inna tana madafa. Na kifa kai a kan rediyon ina kuka, sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Tana tsaye da carbinta. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Wagga yarinya."

"Na'am, Inna."

"Kin tahi Anka kin tambayi Malam Shehu. Kin tambayi wanga akwati. Kin amsa wa Labbo, kin amsa wa mai tabarau. Ni mai saniyar ba ki tambaye ni ba."

Kunya ta rufe ni. Gaskiya ne, duk faɗan da nake yi a kan haƙƙinta, ban taɓa zama na ce Inna me kike so ba.

Ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakina.

"Malam ya ce tawa ce?"

"Taki ce, Inna."

"Ba mai amshe ta da ƙarhi?"

"Babu. Ko alƙali."

"To. Da sun ɗauke ta ran nan da igiya, da har in mutu ina jin ƙwace anka yi min. Yanzu da ta tabbata tawa, ina iya yin abin da nig ga dama da ita. Maraƙin ya isa ya zauna wurin Manu, Allah shi raya. Uwar a kai ta kasuwa."

Na ce, "Inna, ya rantse. Ya ce in saniyar ta fita saboda shi, ya fasa."

"Na ji shi, ai ba kurma nike ba. Rantsuwa tana da kaffara. Yaya aka sa magana cikin abin ga?"

Na zaci ban ji daidai ba. Matar da ba ta taɓa haɗa jimla biyu da Hayatu ba, ga ta cikin takaba. Na juya kaset ɗin, na matso mata da rediyon, na nuna mata inda za ta sa baki. Ta gyara lulluɓi har goshi kamar yana gabanta. Na danna jan maɓallin, kaset ya fara juyawa.

Sai ta ce, "Hayatu. Uwar Tabawa ke magana."

Masu karatu, shekarata ashirin da ɗoriya a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Na toshe bakina da gyale don kada kukana ya shiga kaset.

"Ranar da mijina ke kwance a rana, 'yan'uwansa sunka yi shiru, kai ka ɗauke shi ba ka shawarci kowa ba. To ni ma ban zo shawara ba. Ba nauyinka nika ɗebewa ba, bashin mijina nika biya da abina, don shi kwanta lahiya. Kada ka sai da keken ga. In kuwa ka ce rantsuwarka ta hi maganata, to ka zo Gummi da kanka, ka tsaya bayan ƙyaure inda ka saba, ka gaya min ba ka son ɗiyata."

Ta ɗaga min hannu na kashe. Ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta koma madafa kamar ba abin da ya faru.

Na naɗe kaset ɗin a ƙyallen da ya zo da shi, na ruga tasha ko takalmi ban sa daidai ba. Malami ya riga ya tada mota. Na miƙa masa ta taga na ce hannu da hannu, kuma yau, kafin ɗan Zugu ya kawo kuɗinsa.

Ya jefa shi aljihu, ya ce, "Malama, yau kuma wace irin soyayya ce a ciki kike haki haka?"

Na ce, "Ba tawa ba ce. Ta Inna ce."